Kuloksasilin: maganin maruru da ƙurji da ake yawan sha ba bisa ƙa'ida ba

Da wuya a samu gida a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai da maruru bai taɓa shiga ba. Wani ya fito wa yaro a ɗuwawu ya hana shi zama a lakkol, wani ya fito wa magidanci a hammata, wata mai shayarwa kuma nono ya kumbura mata ya ɗauki zafi. Mafi yawan irin waɗannan ciwace-ciwace ƙwayar cuta guda ce ke haddasa su, wadda likitoci ke kira sitafilokok. Daga cikin magungunan da aka fi rubutawa domin yaƙar ta akwai kuloksasilin, wanda a jikin kwali ake rubuta sunansa Cloxacilline.

Maganin ɗan dangin penisilin ne, ba shi da tsada, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS. Sai dai magani ne mai sharuɗɗa. Idan aka sha shi a kan ciwon da ba nasa ba, ko bayan an cika ciki da tuwo, ko aka ajiye shi bayan kwana biyu, kuɗi sun tafi ciwo yana nan. Abin da ya fi wannan muni shi ne, duk shan da aka yi ba bisa ƙa'ida ba yana ba ƙwayar cutar damar sabawa da maganin, har a wayi gari ya daina aiki ga kowa.

Ƙwayar da ke zaune a hanci

Sitafilokok ƙwayar bakteriya ce da ido ba ya gani. Sai an jera dubu ɗaya daga cikinta kafin su kai tsawon milimita guda. Wani likitan tiyata ɗan Sikotilan mai suna Alexander Ogston ne ya gan ta a cikin mugunyar ƙurji a shekarar 1880. A madubin likita ƙwayoyin suna dunƙule wuri guda kamar nonon inabi, daga nan aka samo sunan a harshen Girka. Irin da ya fi cutar da mutane shi ne wanda ke yin launin zinariya idan aka rene shi a labo.

Kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da ita a cikin hanci ko a kan fata, ba tare da tana yi masa komai ba. Fata mai lafiya katanga ce gare ta. Amma Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yankan aska, cizon sauro da aka sosa, ƙaya, ƙuna, ƙurajen zafi, ƙazuwa, kaciya ko cibiyar jariri da ba a tsaftace ba, kowanne ƙofa ne. Da ta shiga ta samu ɗumi da abinci, takan ninka kanta cikin kusan rabin awa. Jiki ya aiko da sojojinsa, wato fararen ƙwayoyin jini, a gwabza. Gawarwakin ɓangarorin biyu da naman da ya lalace su ne mugunya, ko ɗiwa kamar yadda wasu ke cewa.

A kan fata tana kawo maruru, ƙurji, ɗan kakkarai a yatsa, hazbiya a fatar ido, da ƙurajen nan masu ruwa da ke yin ɓawo kalar zuma a kewayen baki da hancin yara. Idan ta nutsa ciki lamarin ya canza. Tana iya tara mugunya a cikin tsokar cinya, ta ci ƙashi ko gaɓa, ta kama huhun yaro musamman bayan ƙyanda, ta shiga jini, har ta kai ga zuciya. Wani babban bincike da mujallar likitoci ta The Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 wannan ƙwaya tana da hannu a mutuwar fiye da mutum miliyan ɗaya a duniya, abin da ya sa ta zarce kowace bakteriya idan aka cire ta tarin fuka.

Yadda penisilin ya gaza aka ƙera wani

Tarihin penisilin kansa da wannan ƙwaya ya fara. A watan Satumba na 1928, Alexander Fleming ya dawo daga hutu zuwa labonsa a asibitin St Mary's na birnin Landan, ya tarar fumfuna ta faɗa a kan wani faranti da yake renon sitafilokok. Duk ƙwayoyin da ke kusa da fumfunar sun narke. Sinadarin da fumfunar ke fitarwa shi ya sanya wa suna penisilin. Sai bayan fiye da shekara goma Howard Florey da Ernst Chain da abokan aikinsu a Oxford suka iya tace shi ya zama magani. A watan Fabrairu na 1941 aka gwada shi a kan wani ɗan sanda mai suna Albert Alexander, wanda mugunya ta ci masa fuska. Ya fara samun sauƙi sosai, amma maganin ya ƙare kafin cutar ta mutu, ta dawo, ya rasu a watan Maris. Tun ranar farko ke nan aka ga abin da yanke magani a tsakiya ke jawowa.

Penisilin yana aiki ne ta hanyar hana bakteriya gina bangon da ke kewaye da ita. Kowace ƙwaya tana da magina a jikinta, masu ɗaure bangon duk lokacin da za ta girma ko ta rabu biyu. Maganin yana manne wa maginan ya tsayar da su, bango ya yi rauni, ƙwayar ta fashe. Ƙwayoyin jikin ɗan Adam ba su da irin wannan bango, shi ya sa maganin ke kashe cutar ya bar mai ita.

Murnar ba ta daɗe ba. A 1944 aka bayyana wasu sitafilokok da ke fitar da wani sinadari mai suna penisilinaz, wanda ke yanke zoben da ke tsakiyar penisilin kamar almakashi, ya mayar da shi ba shi da amfani. Kafin ƙarshen shekarun 1950 irin waɗannan sun cika asibitocin Turai da Amurka. A yau fiye da 8 cikin 10 na sitafilokok suna da wannan almakashi. Wannan ne dalilin da ya sa penisilin na asali, da ampisilin, da amoksisilin shi kaɗai, galibi ba sa warkar da maruru ko ƙurji, duk da cewa su mutane suka fi saye.

Masana a kamfanin Beecham na Ingila suka gano yadda ake ciro ƙashin bayan penisilin a maƙala masa wani reshe daban. Da haka aka ƙera metisilin, wanda ya shiga asibitoci a 1960, sannan oksasilin da kuloksasilin suka biyo baya a farkon shekarun 1960. Reshen da aka maƙala wa kuloksasilin babba ne, yana tare zoben kamar garkuwa, almakashin ya kasa kai wa gare shi. Likitocin ƙasashe masu amfani da Faransanci suna kiran wannan dangi penisilin na rukunin M. A Ingila ɗan'uwansa fulukuloksasilin aka fi amfani da shi, aikinsu kusan ɗaya ne.

Inda yake aiki da inda ba ya yi

Garkuwar nan ta zo da farashinta. Kuloksasilin ya ƙware a kan sitafilokok, yana kuma kashe wata ƙwaya mai suna sitireptokok da ita ma ke kama fata, amma ba ya taɓa yawancin sauran ƙwayoyin cuta. A wurin likita wannan alheri ne, domin maganin yana zuwa kan abokin gaba kai tsaye, ya rage ɓarna ga bakteriya masu amfani da ke cikin hanji. OMS ta raba antibiyotik gida uku a 2017, ta sanya kuloksasilin a rukunin farko, na waɗanda ya kamata a samu a ko'ina kuma a fara da su.

Ana ba da kafso, wanda ma'aikatan lafiya ke kira jelil, a kan ciwon fata da bai yi tsanani ba: ƙurajen yara da suka bazu, maruru da kewayensa ya yi ja ya kumbura, rauni da ya fara mugunya, ko kumburin nonon mai shayarwa. Ciwon da ya kai ƙashi, gaɓa, huhu, jini ko zuciya kuma na kwanciya a asibiti ne, ana sanya maganin ta jijiya duk bayan awa 4 ko 6. Idan ƙwayar ta shiga jini akan ɗauki aƙalla mako biyu ana yin haka, ciwon ƙashi da na zuciya kuwa sukan kai mako huɗu zuwa shida ana jinya.

Ba ya maganin zazzaɓin cizon sauro. Ba ya maganin mura da yawancin tari, waɗanda birus ke kawowa. Ba ya maganin taifot, gudawa, ciwon sanyi, ko yawancin ciwon fitsari. Ba ya kashe makero, domin shi naman gwari ne ke haddasa shi, kuma ba ya kashe ƙwaron ƙazuwa, iyakacinsa mugunyar da ta hau kan susa. Masu tallar magani da lasifika sukan jingina wa sitafilokok rashin haihuwa, raunin namiji da motsi a cikin jiki. Likitoci ba su lissafa ta cikin cututtukan da ake ɗauka ta jima'i ba, kuma ganin sunanta a takardar labo ba ya nufin ita ce ciwon, tunda tana zaune a kan fatar masu lafiya ma. Likita ne ke haɗa sakamakon labo da abin da ya gani a jikin mutum.

Mugunya sai an fitar da ita

Magani yana isa wurin ciwo ne ta hanyar jini. Ƙurjin da ya nuna kuwa jaka ce rufaffiya, jini ba ya shiga tsakiyarta. Ko mutum ya shanye kwali guda na kafso, mugunyar da ta taru tana nan. Wanzamai sun daɗe da sanin haka, shi ya sa ake yin sakiya. Abin da gidan likita ya ƙara shi ne wuƙa sabuwa da ba a taɓa kowa da ita ba, allurar kashe zafi, wankewa, da sanin inda jijiyoyi suka bi. Ƙarfen da aka yi wa wani aiki da shi yana iya shigar da tetanos, ciwon hanta ko ƙanjamau, a je neman sauƙi a ɗauko babba.

Ƙaramin maruru guda ɗaya, ba zazzaɓi, sau da yawa ba ya bukatar antibiyotik ko kaɗan. A jiƙa ƙyalle mai tsabta a ruwan ɗumi a riƙa gasa wurin sau uku ko huɗu a yini, har ya fashe da kansa, a wanke da sabuni a rufe. Matsa shi da ƙarfi yana tura ƙwayoyin cikin nama. Wannan ya fi haɗari ga wanda ya fito a hanci, leɓen sama ko kusa da ido, saboda jijiyoyin jinin wurin suna haɗuwa da na cikin kai. Irin wannan ba a taɓa shi a gida, gidan likita ake kai shi.

Mai shayarwa da nono ya kumbura mata ta ci gaba da ba yaro, har da ɓangaren mai ciwo, ko ta riƙa tatsewa. Nonon da ya taru shi ke ƙara kumburi har ya zama ƙurji. Kuloksasilin ba ya hana shayarwa, kuma likitoci suna ba mata masu ciki idan bukata ta kama.

Yadda ake shan shi

Sharaɗi na farko shi ne ciki ba komai. Ko a haka, kusan rabin abin da aka haɗiye ne kawai ke shiga jini, abinci kuma yana ƙara rage shi. A sha awa ɗaya kafin cin abinci ko awa biyu bayansa. Fura, kunu, koko da madara duk abinci ne a wannan lissafi. A haɗiye da cikakken kofin ruwa, a zaune ko a tsaye, kada a kwanta nan take, domin kafson yana iya maƙalewa ya ƙona maƙogwaro.

Na biyu shi ne lokaci. Maganin ba ya daɗewa a jiki, cikin ƙasa da awa guda rabinsa ya bar jini, mafi yawa ta hanyar ƙoda. Dalilin da ya sa ake rubuta shi sau uku ko huɗu a yini ke nan. Wanda ya sha da safe kawai ya bar ƙwayar ta huta sauran yini tana hayayyafa. Ga mai sha sau huɗu, tsarin da ya fi sauƙin kiyayewa shi ne: da asuba kafin karin kumallo, da hantsi awa guda kafin abincin rana, da yamma kafin magariba, sai lokacin kwanciya idan tuwon dare ya yi awa biyu. Idan an manta, a sha da zarar an tuna, sai dai in lokacin na gaba ya kusa. Ba a haɗa biyu don ramuwa. Mai azumi ya gaya wa likita tun kafin a rubuta, domin wannan tsari ba ya shiga tsakanin buɗa baki da sahur.

Na uku shi ne adadi da tsawon kwanaki. Kafson yana zuwa a miligiram 250 da 500. Ga babba mai ciwon fata akan rubuta miligiram 500 sau huɗu a yini, ko giram ɗaya sau uku, na kwana 5 zuwa 7. Na yaro da nauyinsa ake auna shi, saboda haka ba a raba masa na babansa da ka. Zafi da kumburi sukan fara sauka a kwana na biyu ko na uku, a nan ne mutane da yawa ke ajiye sauran don wata rana. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba. A kammala kwanakin da aka rubuta. Idan kuma an yi kwana biyu zuwa uku ana sha daidai babu sauƙi, a koma wurin wanda ya rubuta, kada a ƙara adadi da kai.

Wasu suna fasa kafso su barbaɗa garin a kan gyambo, wasu su zuba a lemon kwalba ko madara. Barbaɗawa ba ta kai maganin inda ƙwayar take, kuma tana iya sa jiki ya fara ƙin penisilin. Idan yaro ya kasa haɗiyar kafso ko ya ƙi siro saboda ɗaci, akwai madadinsa irin su sefaleksin, wanda abinci ba ya hana shi shiga jini. Likita ne zai zaɓa.

Wanda bai kamata ya sha ba

Duk wanda penisilin, ampisilin ko amoksisilin ya taɓa tayar wa da borin jini, kumburin fuska ko sarƙewar numfashi, kada ya sha kuloksasilin, domin dangi ɗaya ne. Ya faɗa wa likita da mai farmasi tun kafin a tambaye shi. Idan bayan an sha aka ga leɓe ko harshe sun kumbura, numfashi na fita da ƙyar, ko jiri ya kwashi mutum, a garzaya asibiti a take. Wannan yana iya kisa cikin mintoci, kuma maganinsa allurar adirenalin ce.

Illolin da aka fi gani masu sauƙi ne: tashin zuciya, ciwon ciki, gudawa kaɗan. Gudawa mai yawa ko mai jini kuwa dalili ne na komawa gidan likita. A wasu ƴan tsiraru maganin yana taɓa hanta, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, jiki ya riƙa ƙaiƙayi, wani lokaci makonni bayan an gama sha. Wanda ya taɓa samun haka ba a sake ba shi. Masu ciwon hanta ko ƙoda da masu shan maganin tsinka jini su sanar da likita. Jariran da aka haifa kwanan nan, musamman masu shawara, a asibiti kawai ake ba su, da ido a kansu.

Ampiclox da maganin bakin hanya

Mutane da yawa sun sha kuloksasilin ba su san sunansa ba, a cikin kafson da aka fi sani da Ampiclox, wanda ya yawaita a Najeriya da kasuwannin kan iyaka. Haɗin ampisilin da kuloksasilin ne. A cikin kafso mai miligiram 500, 250 ne kawai kuloksasilin, wato rabin abin da babba ke bukata a sha guda, sauran rabin kuma almakashin sitafilokok yana yanke shi. OMS ta sanya wannan haɗi cikin jerin waɗanda ba ta ba da shawarar amfani da su ba. Duk da haka ana saye ƙwaya biyu ko uku don wanke jini, ko bayan saduwa, wasu ma suna ɗiga wa jarirai na ruwa tun ranar haihuwa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke kare mutum daga cuta. Abin da suke yi shi ne horar da ƙwayoyin da ke jikinsa su saba da magani.

Akwai kuma batun ingancin abin da aka saya. A 2017 OMS ta ƙiyasta cewa magani ɗaya cikin goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita jabu ne ko bai cika inganci ba. Ko na gaskiya ne, an so a ajiye kuloksasilin a wurin da zafi bai wuce digiri 25 ba, nesa da laima. A watannin Afrilu da Mayu zafi a kudancin Nijar yana haura digiri 40 a inuwa, balle a kan tiren mai talla da ya yini a rana. Siro da aka riga aka dama da ruwa a firigo ake sa shi, kuma kwanakinsa ƙidayayyu ne, suna rubuce a takardar da ke cikin kwali.

Hanyar da ta fi aminci ita ce takardar likita da farmasi mai lasisi ko ma'ajiyar magani ta CSI. Ofishin ONPPC ne ke shigo da magunguna na gwamnati, labon LANSPEX a Yamai kuma yana gwada ingancinsu. Tun 2006 an tanadi duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a gidajen likita na gwamnati, ko da yake magani kan yanke wani lokaci iyaye su saya a waje. A duba ranar ƙarewar aiki a jikin kwali, kuma a sayi na dukan kwanakin gaba ɗaya.

Idan garkuwar ta daina amfani

Shekara ɗaya kacal bayan fitowar metisilin, a 1961, wata masaniya a Ingila mai suna Patricia Jevons ta ba da rahoton sitafilokok da ba ya jin sa. Wannan karon ƙwayar ba yanke maganin take yi ba. Ta samo wani sabon magini ne da maganin ba ya iya mannewa a jikinsa, sai ginin bango ya ci gaba. A takardun labo na Faransanci ana rubuta ta SARM. Ba ta jin kuloksasilin, oksasilin, amoksisilin ko da an haɗa shi da asid kilabulanik, da kusan dukan danginsu. Ta fara ne a asibitoci, daga baya ta fito cikin gari.

Ba a gane SARM da ido, domin marurunta daidai yake da na sauran. Sai an ɗebi mugunya ko jini an rena a labo, an gwada magunguna a kanta ɗaya bayan ɗaya. Gwajin, wanda ake kira antibiyogaram, yana ɗaukar kwana biyu zuwa uku, kuma a manyan asibitoci ake samunsa, kamar Asibitin Ƙasa na Yamai. Idan ciwon na fata ne, akan samu mafita da kotirimoksazol, kilindamisin ko doksisikilin. Idan ya yi tsanani sai bankomisin, wanda ta jijiya ake ba da shi, yana da tsada, yana wahalar da ƙoda, kuma ba kowane asibiti ke da shi ba.

Wani binciken na The Lancet, shi ma na 2022, ya ƙiyasta cewa bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, fiye da dubu 100 daga ciki SARM ce sanadi. Yankin da ya fi kowanne yawan mutuwa idan aka kwatanta da yawan jama'a shi ne Afirka ta Yamma, da kusan mutum 27 cikin kowane dubu 100. Ƙwayar da ta koyi bijirewa a jikin mutum guda tana wucewa ga matarsa, ƴaƴansa da maƙwabtansa ta hannu, tawul da shimfiɗa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Saboda girman matsalar ne OMS ta keɓe ranakun 18 zuwa 24 ga Nuwamba na kowace shekara don faɗakarwa a kanta.

Abin da gida zai iya yi

Hannu ne babbar hanyar da ƙwayar ke bi daga hanci zuwa rauni, daga mutum zuwa mutum. Wanke hannu da sabuni, yanke wa yara farce, wanke kowane rauni da ruwa mai tsabta da rufe shi, suna rage ciwon sosai. Kowa ya riƙe rezarsa, sosonsa da tawul ɗinsa, a wurin aski kuma a nemi sabuwar reza. Kayan mai maruru a wanke su daban a shanya a rana. A yi wa ƙazuwa magani ga dukan ƴan gida lokaci guda, a kai yara rigakafin ƙyanda. Cibiyar jariri kada a sa mata toka, ƙasa, kashin shanu ko man shafawa, sai abin da ungozomar gidan likita ta bayar. Wanda maruru ke yawan dawo masa ya gwada sukarin jininsa, domin sau da yawa ta nan ake fara gano ciwon suga.

Akwai alamomin da ba a kwana da su a gida: zazzaɓi mai zafi ko rawar ɗari tare da ƙurji, jan da ke bazuwa cikin sa'o'i ko ya ja layi zuwa hammata ko matsematsi, kumburin fuska ko kewayen ido, numfashi da sauri, da ruɗewa. Jaririn da cibiyarsa ta yi ja tana wari, ko fatarsa ke saluɓewa kamar ƙuna, ko ya ƙi kama nono, a kai shi nan take. Haka yaron da ke zazzaɓi ya ƙi taka ƙafa ko ya hana a taɓa masa gaɓa, ko da ba a ga ƙurji a waje ba, musamman mai amosanin jini. Ciwon ƙashi da aka kama a kwanakin farko yana warkewa da magani ta jijiya. Wanda aka bari ya yi makonni yakan bar mataccen ƙashi mai tsiyayar mugunya shekara da shekaru, sai an yi tiyata an ciro shi, wani lokaci yaron ya tashi da ɗingishi.